Mun Wuce Tiga Muna Barci

A zangon karatun da ya gabata sashenmu ya shirya ziyarar karatu zuwa Jos. Kowa ya biya kuɗinsa, wasu sai da suka ci bashi. Kwana biyun farko ba laifi, mun ga abin da ya kai mu. Ranar ƙarshe ce ta tsaya mini a rai. Tun safe aka sake mu a kasuwar Taminus, kowa ya shiga neman dankalin turawa da kabeji na tsaraba. Kafin a gama jiran wanda ya ɓace wajen sayen takalmi, azahar ta yi. Direba ya ce shi fa ba zai yarda magariba ta same shi a dajin Falgore ba. Haka muka taso a guje.

To, ku duba hanyar da muka biyo. Daga Saminaka muka shigo Doguwa, muka keta Falgore, muka wuce Tudun Wada, muka ɓullo Kwanar Dangora a Kiru, muka bi ta gefen Bebeji. Ƙananan hukumomi huɗu ke nan, kuma babu inda muka tsaya sai wajen shan mai. Rabin motar ma barci suke yi.

Ni a ganina mun tafka asara, kuma ba mu kaɗai ba ne. Kusan duk sashen da ya fita haka yake ƙarewa.

Ɗauki madatsar ruwa ta Tiga a Bebeji. An kammala ta a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a kan Kogin Kano. Ruwanta ne ke bin magudanai har Kadawa da Kura, inda ake noman shinkafa da alkama da tumatir da rani. Mu da ke karatun injiniya, malam ya sha zana mana yadda ake tare ruwa da bangon ƙasa a allo, mun haddace, mun rubuta a jarrabawa. Na tambayi 'yan ajinmu wa ya taɓa tsayawa a kan bangon Tiga, hannu uku kawai na gani. Ɗan sashen noma fa? Shinkafar da yake ci a makaranta wataƙila ruwan nan ne ya shayar da ita.

Haka Riruwai a Doguwa, garin duwatsu da aka daɗe ana haƙar kuza a cikinsa. A ƙasar Biyetnam, ramukan da mayaƙa suka haƙa a Cu Chi lokacin yaƙinsu da Amurka sun zama wurin da baƙi ke zuwa kallo daga birnin Ho Chi Minh, har da masu yi musu bayani. Mu kuwa muna da tarihin ma'adinai a cikin jiharmu, amma ɗalibin da ke karanta ma'adinai bai san hanyar garin ba.

Na san abin da za a ce mini: tsaro. Gaskiya ne, Falgore ya yi ƙaurin suna da 'yan fashi da masu satar shanu, kuma babu uban da zai so a kai ɗansa cikin daji don ɗaukar hoto. Ban ce a shiga dajin ba. Amma tsoron Falgore bai shafi tsayawa awa biyu a Tiga da rana tsaka ba. Abin da ya hana mu shi ne rashin tsari, mun ƙone safiyarmu a kasuwa. Wani abokina ya ce, "Kai malam, ai tsaraba dole ce, in ka koma gida hannu rabbana Hajiya ba za ta yarda ka je Jos ba." Na yarda. A yi sayayyar da yammacin rana ta biyu mana, wa ya hana?

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu da na sassa. Kafin a karɓi ko sisi daga ɗalibi, a manna jadawalin tafiya a allon sanarwa, har da na ranar dawowa. A rubuta wa hukumar da ke kula da madatsar takarda da wuri, a nemi ma'aikacin da zai zagaya da mu ya yi mana bayani. A taso da sassafe don a keta dajin da hantsi. Sashen da kuɗinsa bai kai Jos ba kuwa, ya yi ta yini ɗaya zuwa Tiga da tafkin Bagauda, a dawo kafin la'asar sakaliya. Kuɗin ba zai kai rabin wancan ba, kuma waɗanda aka saba bari a baya saboda rashin hali su ma za su samu zuwa.

'Yan uwanmu 'yan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa da ke makarantar nan, ku ma da laifinku. Kuna cikin motar nan, kun san kowace kwana, amma kuka yi shiru. In an zo taron shirya ziyara ta gaba, don Allah ku ɗaga hannu. Dankalin da na sayo dai ko mako bai yi ba ya ƙare.