Kada A Bar Sunan Ofis A Hannun Ɗan Kwangila

Jama'a, yanzu ana ta kwaɗaita wa ofisoshi da makarantun Dutse, da Kiyawa, da Birnin Kudu su ɗora ayyukansu a kan abin da ake kira gajimare. Ba wani gajimare ba ne. Manyan kwamfutoci ne na kamfanoni irin su Amazon da Microsoft, ana kama hayar wuri a cikinsu, kamar yadda ɗan kasuwa ke kama rumfa a Shuwarin. Ba mu ƙi wannan ba, gama rumfa in ta yi tsada sai a kwashe kaya a koma wata.

Abin da ke damunmu shi ne sunan, watau adireshin da jama'a ke bugawa su iso ofis, kamar fud.edu.ng na Jami'ar Tarayya ta Dutse. Ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke riƙe da rajistar sunayen da suka ƙare da .ng. Rajistar nan kuwa tana da wa'adi. In ba a sabunta ba sunan ya faɗi, in irin na .com.ng ne ma wani ya saye.

To, sau da yawa ɗan kwangila shi ke yin rajistar da sunansa da lambar wayarsa. Ran da aka ɓata da shi, ko ya yi ƙaura, ofis ya zama baƙo a gidansa, wasiƙu su tsaya, ɗalibai su rasa inda za su duba sakamako.

Saboda haka muna jan kunnen akawuna da hedimastoci. Lalle a yi rajista da sunan ofis, kalmar sirri ta zauna wurin ma'aikata biyu, kuɗin sabuntawa kuma a sa shi cikin kasafin kowace shekara.