Muhammad ko Mohammed: Ya kamata kwamfutocin hukumomi su san sunayenmu

Tun watan Disamban 2020 da hukumar NCC ta umarci a haɗa layukan waya da lambar NIN, Kanawa da dama suka gane cewa harafi ɗaya kan iya tsayar da harkokin mutum cak. Wanda yake Muhammad a NIN, Mohammed a BVN, Muhammadu a takardar makaranta, sai kwamfuta ta ɗauke shi mutum uku. Da JAMB ta wajabta NIN a 2021, ɗalibai ma suka shiga layin gyaran suna.

Matsalar daga yadda ake binciken take. Manhajoji da yawa harafi da harafi suke dubawa, idan ɗaya ya saɓa sai su ce babu. Alhali masana sun daɗe da samo hanyoyi biyu na gyara.

Ta farko ita ce taswirar ma'ana, wadda ake kira ontoloji. A nan ana koya wa kwamfuta alaƙar kalmomi: cewa Habu da Garba laƙabin Abubakar ne, Aisha da A'ishatu suna ɗaya ne, kuma Gyadi-Gyadi unguwa ce a ƙaramar hukumar Tarauni. Wanda ya nemi mazauna Tarauni, sai na Gyadi-Gyadi su fito.

Ta biyu ita ce lissafin yiwuwa, wanda Ivan Fellegi da Alan Sunter suka tsara a 1969. Kwamfuta za ta auna suna da ranar haihuwa da adireshi, ta ba kowanne maki. Dacewar sunan da ba kasafai ake ji ba ta fi nauyi a kan dacewar Sani ko Musa. Idan makin ya yi yawa a haɗa, idan ya yi ƙasa a raba, na tsakiya kuma a miƙa wa ma'aikaci ya duba da idonsa.

Wannan mataki na ƙarshe bai kamata a tsallake shi ba, domin kama da wane ba ta wane. A babban asibiti irin na Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, inda majinyata ke zuwa daga jihohi maƙwabta, raba fayil ɗin mutum biyu na ɓoye wa likita tarihin cutarsa. Haɗa fayil ɗin mutum biyu kuwa ya fi haɗari, tunda rukunin jinin wani zai iya komawa kan wani.

Don haka muna kira ga NIMC da Babban Bankin Najeriya su haɗa kai da masana Hausa da na kwamfuta a Jami'ar Bayero, su tattara sunayenmu da duk yadda ake rubuta su, har da masu ƙ da ɗ da ɓ, bisa sharuɗɗan dokar kare bayanai ta 2023. Talaka ya gaji da biyan kuɗin rantsuwa a kotu don ya tabbatar shi ne shi.