Ko Babu Bene, Akwai Dakali

Duk wanda ya tashi a Ƙauran Namoda ko Shinkafi ko Zurmi, idan aka ce masa likitoci sun gano cewa hawan bene yana ƙara lafiya, ba mamaki ya yi dariya ya ce, “To, ina benen yake?” Yana kuwa da gaskiyarsa. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, fili bai yi mana ƙaranci ba, saboda haka mafi yawan gidajenmu da ajujuwanmu ba su da hawa. Duk da haka ra’ayina shi ne, wannan bincike ya shafe mu, watakila ma fiye da yadda ya shafi mutanen da aka yi shi a kansu. Amfanin da ke cikin hawan bene yana cikin ɗaga jiki sama ne, taki bayan taki, kuma dakalin ƙofar aji ya isa a yi wannan. Ina ganin lokaci ya yi da makarantunmu za su mayar da shi al’ada ta kullum.

Yadda zama ya shigo mana

Kakanninmu ba su san wani abu wai shi motsa jiki ba, domin rayuwar ce gaba ɗaya motsi. Namiji zai taka zuwa gona da asuba, ya yini a sunkuye, da kaka kuma ya hau tsani ya zuba hatsi a rufewa. Mace za ta yi sussuka, ta yi daka, ta ja guga. Yara su gangara gulbin Gagare ko na Bunsuru, su hauro gaɓa da tulu a ka. Bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙauran Namoda daga Zariya a shekarar 1929, ’yan dako suka riƙa jibgar buhunan gyaɗa da dilolin auduga a tasha, kowane buhu da ƙarfin ƙafa da na baya aka ɗaga shi.

Yau abin ya sauya. Babur ya karɓi aikin ƙafa, injin niƙa ya karɓi na taɓarya, wayar salula kuma ta rage ko da aiken da ake tura yaro. Waɗannan duk alheri ne, ba mai son a koma baya. Sai kuma ga wata masifa da ta ƙara tsugunar da mu, wato rashin tsaro. Fiye da shekara goma ke nan ’yan bindiga suna addabar arewacin Zamfara, gonakin nesa sun gagari masu su, mutanen ƙauyuka da yawa sun dawo cikin gari sun takure. A shekarar 2021 har sai da gwamnatin jiha ta rufe makarantu da kasuwannin mako-mako na wani lokaci. Malamin da a da yakan fitar da ɗalibai gudun safe zuwa bayan gari, yau ba zai yi gangancin haka ba, kuma babu uban da zai yarda.

Wani zai ce ai mu manoma ne, wahalar da muke sha ta ishe mu. Ga wanda yake riƙe da fartanya har yanzu, maganar haka take. To amma a dubi malamin makaranta, da ma’aikacin ofis, da tela, da ɗan tireda da ke yini a rumfa a kasuwar Shinkafi, da ɗan acaɓa wanda yake yawo gari duka alhali yana zaune, da uwar da ba ta cika fita ba. A dubi ɗalibin sakandare, ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Ƙaura a 1983, wanda yake kan benci tun safe har azahar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 kashi 31 cikin 100 na manyan mutane a duniya ba su samun motsin da jikinsu yake bukata, a cikin matasa ’yan shekara 11 zuwa 17 kuwa abin ya kai kimanin kashi 80. Hukumar tana so babba ya sami aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, ko minti 75 na mai tsanani, yaro kuma minti 60 a kowace rana.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Idan mutum yana tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, gaba kawai yake tura jikinsa. Idan kuwa ya ɗora ƙafa a kan matakala, sai ya ɗaga nauyinsa duka sama, alhali ƙasa tana jawo shi zuwa gare ta. Manyan tsokokin cinya da na ɗuwawu da na sha-raɓa su ne ke wannan aiki, kuma ba su iya yin sa sai da iskar oksijin da sukarin da jini yake kai musu. Nan da nan numfashi zai ƙaru, zuciya ta ƙara sauri da ƙarfin harbawa, hanyoyin jini su buɗe. Mai hawa da hanzari yana ƙona ƙarfi kimanin ninki takwas na wanda yake zaune.

Zuciya ita ma tsoka ce, kuma kamar kowace tsoka, aiki ke ƙarfafa ta. Zuciyar da ta saba da aiki takan tura jini mai yawa a bugu guda, don haka ba ta bukatar yawan bugawa lokacin hutu. Hanyoyin jinin da ake yawan buɗawa sukan zauna da laushi, wannan kuwa yana taimakawa wajen rage hawan jini, cutar da take kwance shiru a jikin mutane da yawa har ranar da ɓarin jiki zai shanye. Tsokar da ke aiki tana zuƙe sukari daga cikin jini, abin da ke rage haɗarin ciwon sukari. Ƙashi ma yakan ƙara ƙwari idan ana ɗora masa nauyi, ƙarfin cinya kuwa shi ne ke tayar da tsoho daga tabarma ba tare da an kama shi ba.

Shaidar da masana suka tara

A shekarar 1953 wani likita mai suna Jeremy Morris ya buga sakamakon bincikensa a mujallar Lancet. Ya duba lafiyar ma’aikatan sufuri kimanin 31,000 a birnin Landan, inda ake da manyan motocin safa masu hawa biyu. Direba yana zaune yini guda, kwandasta kuwa yana hawa yana sauka domin karɓar kuɗin mota, ɗaruruwan matakala a kowace rana. Mota ɗaya suke ciki, gari ɗaya, amma sai aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma ya fi saurin kashe su. Ana ɗaukar wannan aiki a matsayin mafarin ilimin dangantakar motsa jiki da lafiyar zuciya.

Shekara 70 bayan haka, a 2023, masana daga Jami’ar Tulane ta Amurka suka bi bayanan mutane fiye da 450,000 a Birtaniya na tsawon shekara goma sha biyu da ɗoriya. Sun gano cewa masu hawa fiye da taki 50 na matakala a rana, haɗarin kamuwarsu da cututtukan toshewar hanyoyin jini ya yi ƙasa da kimanin kashi 20 cikin 100. A nan ya kamata ɗalibin kimiyya ya tsaya ya yi tambaya: shin hawan ne ya ba su lafiya, ko kuwa lafiyar ce ta ba su ikon hawa? Tambaya ce mai kyau, kuma irin wannan bincike shi kaɗai ba ya iya yanke hukunci a kanta. Shi ya sa gwajin da aka yi a Jami’ar McMaster ta ƙasar Kanada, wanda aka buga a 2019, yake da muhimmanci. An ɗauki matasa marasa motsa jiki, aka sa wasunsu hawa taki 60 da hanzari, sau uku a rana, kwana uku a mako. Bayan mako shida sai aka tarar ƙarfin zuciyarsu da huhunsu ya zarce na ’yan’uwansu da ba su yi ba. Matasan ba su da yawa, bambancin ma bai taka kara ya karya ba, amma ya nuna cewa ɗan gajeren hawa, in an dage, yana barin alama a jiki.

Dakali ya wadatar

Likitoci sun daɗe da sanin cewa ba sai da dogon bene ake sa zuciya aiki ba. A 1929, shekarar da jirgi ya iso Ƙaura, wani likita a birnin New York mai suna Arthur Master ya fito da hanyar gwada zuciyar majiyyata da matakala mai taki biyu kacal, kowane taki tsayinsa inci tara, wato tsayin bulon simintin da maginanmu suke aiki da shi. A 1943 kuma masana a Jami’ar Harvard suka fito da gwajin ƙarfin jiki da taki ɗaya tak, mutum ya hau ya sauka har minti biyar.

Bari mu yi lissafi irin na ajin kimiyyar lissafin ƙarfi. Ɗalibi mai nauyin kilo 50 ya sami dakali mai tsayin santimita 20, ya hau ya sauka sau 25 a minti guda, har minti huɗu. Ya hau sau 100 ke nan, wato ya ɗaga jikinsa mita 20, kwatankwacin bene mai hawa shida. Aikin da ya yi shi ne 50 sau 10 sau 20, wato jul 10,000. Da yake kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na ƙarfin da tsoka ta ƙona yake zama aiki, saura ya zama zafi da gumi, jikinsa ya kashe kimanin jul 40,000 a hawan kaɗai. Ko an haɗa da saukowa, wannan bai wuce abin da ke cikin ƙwayar sukari ɗaya ko biyu ba. Saboda haka kada wani ya ce muku minti huɗu a dakali zai narkar da tumbi. Ribar tana wajen horon da zuciya da tsoka suka samu.

Kira ga malamai

Shawarata ga shugabannin makarantu ita ce a keɓe minti biyar bayan taron safe, kafin rana ta yi zafi, kowane aji ya jera a bakin barandarsa a yi hawa da sauka. Ba a bukatar ƙwallo, ba a bukatar takalmi na musamman, ba a kuma fita daga harabar makaranta. ’Yan mata za su iya yin nasu a ɓangarensu cikin suturarsu, tare da malamarsu. Inda Allah ya hore bene kuwa, a daina ganin aiken da ake yi sama a matsayin horo.

Malamin kimiyya yana da ɗakin gwaji kyauta a nan. Kowane ɗalibi ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, ya ƙirga bugun jijiya na daƙiƙa 15, ya ninka sau huɗu. A babban mutum mai hutawa yakan kasance tsakanin 60 da 100 a minti. A rubuta adadin kafin a fara, da lokacin da aka gama, da kuma minti ɗaya bayan an gama. A ci gaba har mako shida, sannan a zana jadawali a ga ko bugun ya fara saurin komawa daidai. Yaron da ya ga sakamako a littafinsa da rubutun hannunsa ba ya bukatar a yi masa dogon wa’azi, shi ne ma zai kai labari gida ya koya wa mahaifiyarsa a dakalin ɗakinta. Malamai su ma su shiga sahu, domin su ne shekarun hawan jini suka fi kusa da su.

Hattara dai

Kowane magani yana da ƙa’ida. A fara da minti ɗaya ko biyu, a riƙa ƙarawa a hankali, domin sannu ba ta hana zuwa. A tabbata dakalin kafaffe ne, ba ya santsi, ba bulon da aka ajiye yana rawa ba, a kuma ɗora tafin ƙafa duka. A watannin bazara, lokacin da zafi yakan haura maki 40, kada a yi shi da tsakar rana, kuma a sha ruwa. Mai azumi ya bari sai bayan buɗa-baki. Mai ciwon sikila ko asma ko ciwon zuciya, da mace mai ciki, da mai ciwon gwiwa, su nemi shawarar likita tukuna, kada kuma malami ya tilasta wa irin wannan ɗalibi. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri ko numfashi ya sarƙe masa, ya tsaya nan take a kai shi asibiti. Wanda aka ɗora a kan maganin hawan jini ko na sukari ya ci gaba da shan abinsa, domin dakali mataimaki ne kawai.

Na san akwai wanda zai ce mutanen da ke fama da rashin tsaro da tsadar abinci ina ruwansu da maganar dakali. Amsata ita ce, gidan da maigida ya faɗi da shanyewar ɓarin jiki ya haɗu da masifa ta biyu a kan ta farko, ga kuɗin magani, ga tafiya Gusau ko Sakkwato a kan hanyar da kowa ya san halinta. Tsaron hanya ya fi ƙarfin ɗalibi da malaminsa, amma minti biyar a bakin baranda yana hannunsu. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, wannan rigakafin kuwa ko kwabo ba a biya. Gobe da safe, kafin a shiga aji, a ƙirga bugun jijiya, a rubuta, a ɗora ƙafa a dakali. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.