Ku Ɗaure Kaya, Mu Je Mu Kwana a Bakin Kogin Kam

Jama'ar Arewa, musamman ku matasa masu jini a jika, da ku nake. A kan iyakarmu da Kamaru, tsakanin jihohin Taraba da Adamawa, akwai gandun dajin da ya fi kowane girma a Nijeriya. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya fi jihar Legas nesa ba kusa ba. Sunansa Gashaka-Gumti. A cikinsa dutsen Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419, kuma duk faɗin ƙasar nan babu tudun da ya kamo ƙafarsa. Tun 1991 gwamnatin tarayya ta haɗe gandun Gashaka da na Gumti ta mayar da su gandu ɗaya na ƙasa, mallakar kowa da kowa. An haura shekara 30 ke nan, amma shiga kowace sakandare a Kano ko Zariya ko Sakkwato ka ambaci sunan, ka ga yara nawa za su ɗaga hannu. Kirana gare ku shi ne ku tashi ku je, ku kafa tanti a bakin Kogin Kam da ke ratsa shi, ku yi 'yan kwanaki, ku dawo ku ba da labari.

Bari in faɗa muku abin da ke jiran ku. Idan damina ta ɗauke, ruwan Kam yakan ja baya ya kwanta garau, yashi ya fito gefe da gefe, duwatsu su jeru a bayansa har inda ido ya ƙure. A guraben da suka yi zurfi dorina ke kwanciya, kuma mai haƙuri in ya zauna daga nesa zai ga kawunansu suna ɓullowa suna nutsewa. Giwan ruwa da tsage suna nan a ƙasa. Da yamma mazo da gwambaza kan sauko shan ruwa, ɓauna kuwa sau da yawa sai dai ka wayi gari ka ga sawunta a taɓo. Tsuntsaye an ƙirga sama da iri 500. Can cikin kurmi, wajen Kwano, akwai biri mai ganga, wanda ke dukan saiwar manyan itatuwa da hannu da ƙafa har a jiyo shi daga nesa. Irinsa ba a samun shi ko'ina a duniya sai a Nijeriya da Kamaru, kuma wannan daji yana cikin manyan mafakarsa da suka rage. Da dare, inda babu janareta babu ƙarar babur, yaron da ya tashi a Fagge ko Tudun Wada zai ga taurarin da bai san da su ba. Da asuba ya yi alwala da ruwan da sanyinsa ke ratsa ƙashi, ya ta da salla a kan yashi, hazo na tashi daga kan kogi.

Na san abin da wasu za su ce: kwana a daji ba gaira ba dalili aikin Bature ne, Bahaushe ba ya yawon banza. Wannan magana ta ci karo da tarihinmu. Kakanninmu fatake ne. Madugu yakan ja ayari daga Kano zuwa Gwanja neman goro, a yi wata da watanni ana tafiya, kowane dare a zango, kuma zangon kirki shi ne wanda ke kusa da ruwa. Wasu ayarin ma kudu maso gabas suka nufa, suka haura Banyo da Tibati da Ngaundare, shi ya sa har gobe za ka tarar da Hausawa a garuruwan nan. Alhazanmu na da a ƙafa suka bi ta Cadi da Sudan zuwa Makka, inda rana ta faɗi musu nan ne masauki. Fulanin da ke kiwo a kan tsaunin Chappal Hendu, a cikin wannan gandu, har yau haka suke rayuwa. Mu ne jikokin da suka shige ɗaka suka turo ƙofa, har ta kai ba ma ganin daji sai a waya. Yaron da bai taɓa hura wuta da hannunsa ba, bai taɓa goya ruwan shansa ya hau tudu ba, bai iya raba kukan mujiya da na kura ba, wallahi an tauye masa gado.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ya wuce shaƙatawa. Dajin da masu shi suka daina takawa, wani ne ke shiga ya gaje shi. Mun gani da idonmu. Sambisa gandun namun daji ne a da. Yau sunansa kawai ya isa ya tsinka zuciyar uwa a Chibok. Kamuku da ke Birnin Gwari gandu ne na ƙasa kamar Gashaka-Gumti, sai ga shi 'yan bindiga sun mayar da shi maɓoya. Falgore da ke kudancin Kano ta sha fama da ɓarayin shanu. Dalilan lalacewar waɗannan wurare suna da yawa, amma akwai abu guda da suka yi tarayya a kai: lokacin da aka fara sakaci da su, hanyoyinsu suna toshewa, masaukan baƙi suna ruɓewa, mu mutanen gari ba mu ɗaga murya ba, don ba mu san wuraren ba balle mu so su. Ba mu farga ba sai da abin ya biyo mu har gida.

Gashaka-Gumti ma ta ɗanɗana nata. Itacen madobiya, wanda 'yan katako a Taraba ke kira madrid, an yi ta sarar sa ana loda wa manyan motoci zuwa bakin teku, daga can sai ƙasar Sin, har a 2018 aka dakatar da Nijeriya daga fitar da shi a ƙarƙashin yarjejeniyar duniya ta kare itatuwa da dabbobin da ke neman ƙarewa. Ga mafarauta masu fataucin naman daji, ga masu haƙar ma'adinai ta bayan fage, ga masu cinna wa daji wuta da rani. Masu gadin gandun, 'ya'yan talakawa irinmu, wasunsu sun rasa rayukansu a kan wannan aiki, Allah Ya jiƙan su. A 2017 gidauniyar Africa Nature Investors ta ƙulla yarjejeniyar shekara 30 da hukumar gandayen daji ta ƙasa, aka ɗauki sababbin masu gadi, aka horar da su, aka ba su kayan aiki. Kafin nan, tun a 2000, masu bincike ƙarƙashin Farfesa Volker Sommer na wata jami'a a Landan suka kafa sansani a Kwano suna bin sawun birai. Mutum ya taso daga Ingila ya yi shekara da shekaru yana kwana a kurminmu, mu kuma da mota za ta kai mu muna cewa ya yi nisa. Wannan ya kamata ya hana mu barci.

Ku dubi abin da zuwanku zai haifar. Baƙo yana biyan kuɗin shiga, ya ɗauki ɗan jagora daga ƙauye, in zai hau dutse ya ɗauki 'yan dako, ya sayi kaza da zuma da kayan miya a garin Serti, inda hedkwatar gandun take. Saurayin ƙauyen Gashaka da ya samu na cefane daga nuna wa baƙi sawun biri, gobe shi zai fara tare mai injin yankan katako. In kuwa bai taɓa ganin ko sisin kwabo daga itace yana tsaye ba, da wane baki za ka hana shi karɓar kuɗin mai sara? Kuma gwamnati, kowa ya sani, hanyar da jama'a ke bi suna ƙorafi ita take gyarawa. Ɗalibi ɗaya da ya kwana a bakin Kam, ran da ya zama ɗan majalisa ko darakta a ma'aikata, ba zai sa hannu a yanke kuɗin masu gadi da sauƙi ba.

Sai maganar ruwa, wadda ta shafi har wanda ba zai taɓa taka wurin ba. Kogunan Kam da Gashaka da Yim da Gamgam duk daga waɗannan duwatsu suke gangarowa, ruwansu ya bi Kogin Taraba ya faɗa Binuwai. Kurmin da ke kan tudu shi ke tsotse ruwan damina kamar soso, ya riƙa sakin sa kaɗan-kaɗan har cikin bazara. In aka aske shi, ruwan zai sauko a lokaci guda da laka ya ci gonaki a Agusta, a Maris kuma rafuka su ƙafe. Masuncin Ibi, da mai noman rani a fadamar Binuwai, da makiyayin da ke gangarowa da shanu neman mashaya, duk abincinsu yana rataye da itatuwan da ba su taɓa gani ba.

Kada mu manta kuma yadda yankin ya zama namu. Jamusawa suka fara riƙe shi a cikin Kamaru, kufan sansaninsu na nan kusa da ƙauyen Gashaka. Bayan yaƙin duniya na farko ya koma hannun Ingila, a 1961 kuma mutanensa suka jefa ƙuri'a suka zaɓi zama da Nijeriya, aka raɗa masa Lardin Sardauna. Mutanen da suka zaɓe mu da ƙuri'arsu, ai ko ziyara ce sun ci a kai musu.

Ba ina cewa ku afka daji da ka ba ne, don ganganci ba jarumta ba ce. Lokacin zuwa shi ne daga Disamba zuwa Maris. Da damina koguna kan cika su yanke hanyoyin ciki. Daga Jalingo a bi ta Bali zuwa Serti, inda hedkwatar gandun take. Ku tuntuɓi ofishinsu tun kafin ku baro gida, ku tambayi halin tsaro a hanya da cikin daji, in sun ce a dakata ku dakata. Tafiyar rana za ku yi. Kada kowa ya shiga gandun sai da mai gadi, kuma inda ya ce a kafa tanti nan za a kafa. Shi ya san turbar da dorina ke bi ta fita kiwo da dare, kuma wanda ya shiga tsakaninta da ruwa ya tsokano abin da ya fi ƙarfinsa. Shi ya san gurbin da kada ke kwance, don haka wanka sai inda ya nuna. Ku riƙe gidan sauro, da riga mai dogon hannu saboda ƙudan tsando da ƙananan ƙudajen bakin rafi, da bargo mai kauri don sanyin tudu ba irin na gida ba ne. Ruwan sha a tafasa shi. Garin kwaki da ƙuli-ƙuli da kilishi da dabino da kayan shayi sun isa guzuri.

Ladabin wurin kuwa shi ne abin da zan fi nanatawa, don baƙon da ba shi da tarbiyya ya fi rashin baƙo illa. Busasshen iccen da ya faɗi za ku ƙona, in za ku tashi ku kashe wutar da ruwa har tokar ta yi sanyi a hannu. Duk ledar da ta shiga da ku ta fito da ku. Lasifika a bar ta a gida. Kun je ne ku saurari daji. In wani ya tare ku a hanya da ɗan biri a ɗaure, ko ƙyafaffen naman daji, kada ku taya. Ɗan birin nan sai da aka harbe uwarsa aka ɗauko shi, kuma kuɗinku ne zai sayi harsashi na gaba.

Shugabannin makarantu, kowace shekara kuna tara kuɗin iyaye a kai yara kallon kantuna a Abuja. Ku juya akalar mota ko sau ɗaya. 'Yan sikawut da 'yan agaji, wannan fagenku ne. Malaman jami'ar Modibbo Adama da ke Yola da na jami'ar jihar Taraba, wurin nan yana bayan gidanku, ku cika shi da ɗalibai masu bincike, maza da mata, don kada a ce sanin dajinmu sai an je ɗakin karatu a Turai. 'Yan Kannywood, kun gaji da falo da lambun otal, mu ma masu kallo mun gaji. Ga duwatsu da koguna da kyamararku ba ta taɓa gani ba. Alhazai masu kai iyali hutu Dubai, kuɗin tikitin mutum ɗaya zai kai ajin yara guda Serti ya dawo da su. Gwamnonin Taraba da Adamawa, ku kula da hanya da tsaronta, baƙi za su zo da ƙafarsu.

Wanda Taraba ta yi masa nisa a bana, ya fara da Yankari, wadda ke hannun gwamnatin Bauci tun 2006. Ya ga Kogin Gaji, ya yi wanka a ruwan ɗumin Wikki, ya saba da kwanan daji, baɗi ya wuce gaba.

Ku kai wannan magana majalisarku ta yamma yau ɗin nan. Ku fitar da mutum goma masu niyya, ku naɗa madugu a cikinku, ku buɗe adashen kuɗin mota, ku nemi aron tanti wajen 'yan agajin unguwa. Sa'an nan ku sa rana bayan an kai amfanin gona gida, ku kira Serti ku ce kuna tafe.