Yarinyar da ba a ƙirga ba, ba a sayo mata rigakafi

Duk mai rubuta manhaja ya san kwamfuta kamar injin niƙa take. Ka zuba gero da tsakuwa, garin ma da tsakuwa zai fito. Wannan ƙa'ida ce ke tafiyar da kasuwar allurar rigakafi ta duniya, kuma a ganina mu matasan Gaya da Ajingi ba mu ɗauke ta da muhimmanci ba.

Rigakafi ba kamar takin zamani ba ne da za ka shiga kasuwar Gaya ka yi ciniki ka ɗauka. Kamfanonin da ke yin sa ƙalilan ne, kuma ba sa kafa masana'anta sai sun tabbata akwai mai saya. Shi ya sa aka kafa ƙawancen Gavi a 2000, domin a haɗa buƙatun ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi a saya a dunƙule. A 2013 Gavi ta samu allurar HPV, mai kare mata daga kansar bakin mahaifa, a kan dala 4.50, alhali a Amurka ta haura dala 100. Abin da ya karya farashin shi ne hasashe: masana lissafin tattalin arziki sun auna yawan yara da shekarunsu, suka ce ga adadin da za a saya nan da shekaru masu zuwa.

To, daga ina alƙaluman suke fitowa? Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006. Duk adadin da ka ji an ambata yau, ƙari ne ake yi a kan wancan. Da aka ƙaddamar da allurar HPV a watan Oktoba na 2023, har da Jihar Kano a zangon farko, an sa burin kaiwa ga 'yan mata miliyan 7.7 masu shekara 9 zuwa 14. Wannan ƙiyasi ne. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, haka ne. Sai dai ƙiyasin da ya yi daidai a ƙasa baki ɗaya yana iya kuskure rugar Fulani guda a bayan Ajingi, ko sabuwar unguwar da ba ta kai shekara goma ba.

Haka batun gano cutar yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mata kusan 12,000 ne suka kamu da wannan kansa a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu. Irin waɗannan alƙaluma daga rajistar manyan asibitoci ake gina su. Matar da ta yi jinya a gida har rai ya yi halinsa, ba ta kai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano an ɗebi tsoka an duba ba, ba ta cikin rajistar kowa. Yanzu ana ta gwada manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke duba hoton bakin mahaifa su nuna inda ake zargi. Abin maraba ne. Amma manhaja ba ta duba wadda ba ta zo ba, kuma ba ta maye gurbin likitan da zai tabbatar da cutar.

Wani zai ce wannan aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, kuma dole a matsa mata ta yi ƙidaya. Amma mu tuna yaƙi da shan-inna. A nan Kano aka yi amfani da hoton tauraron ɗan'adam aka zana taswirar ƙauyuka, aka ba masu allura wayoyi masu GPS domin a ga inda suka taka da inda suka tsallake. Ta haka aka gano matsugunan da ba sa cikin tsohuwar taswirar hannu. A watan Agusta na 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. Wayoyin da suka yi wancan aiki ba su kai wadda ke aljihunka yanzu ba.

Saboda haka ga abin da ke hannunmu. Ka buɗe OpenStreetMap, kyauta ne, ka duba ko ƙauyenku da asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku suna ciki. In babu, ka saka. Ka tabbata ƙannenka suna da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya. Ka ɗauki hoton katin rigakafinsu ka ajiye, don kati yana ɓata, gara tana ci. In saƙon murya ya shigo maka a WhatsApp yana cewa allura tana hana haihuwa, ka tambayi ma'aikaciyar lafiya kafin ka tura wa gwaggonka, domin allurar da aka ƙi karɓa tana iya lalacewa a firji, baɗi kuma a rubuta cewa buƙatar yankin ta ragu.

Datar da za ka ƙona a wannan aiki ba ta kai ta kallon TikTok na dare ɗaya ba.