Wai Amini Ɗan Rakiyar Zance Ne Kawai?

Ina neman afuwar marubutanmu da masu shirya fina-finanmu, domin yau da su nake. Ku ɗauko littattafan soyayya goma, ko fina-finai goma, ku duba mani abokin jarumi. Aikinsa bai wuce biyu ba. Ko dai ɗan rakiyar zance ne, ya kai saƙo, ya riƙa cewa "ka yi haƙuri abokina", ko kuwa shi ne munafukin da zai zagaya ya ƙwace budurwar. A ɓangaren mata ma haka abin yake: aminiya ita ce mai aure mijin aminiyarta. Wai shin iyakar abin da Bahaushe ya sani game da aminci ke nan?

Magabata ba haka suka bar mana ba. A Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, me ya sa aku ya yi ta zuba labarai dare bayan dare? Saboda Musa ɗan Sarki ya ƙi zama, ya dage sai ya bi Mahmudu fagen fama. Shaƙuwar samari biyu ce ta ɗauki littafin farko gaba ɗayansa, ba budurwa ba. A Ruwan Bagaja, Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna cutar juna daga gari zuwa gari, amma ka cire Zurƙe ka ga ko littafin zai yi armashi. A Shaihu Umar kuwa, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya nuna mana yadda hassadar abokan zaman fada ta kori Makau daga gida, har iyalinsa suka tarwatse. Waɗannan marubuta sun ɗauki abota da cin amanarta a matsayin abin da ke gina gida ko ya rushe shi.

To, bari in dawo gida. Ni mutumin Ƙaura Namoda ne, kuma duk wanda ya tashi tsakanin Ƙaura da Zurmi da Shinkafi ya san wani irin aminci da ban taɓa gani a fim ba. Bayan kaka Bafulatani zai sauka a gonar amininsa Bahaushe, shanu su ci kara su bar taki. Ranar Alhamis in ya sayar da sa a kasuwar Shinkafi, wurin amininsa mai shago zai ajiye kuɗin, ba takarda ba shaida. In an yi haihuwa a ruga, manomin ne a gaba wajen suna. Wannan amana ce ta fara tsinkewa kafin daji ya gagari kowa. Wane marubuci ne ya zauna ya ba mu labarin yadda ta tsinke?

Yau a yankinmu aminci magana ce ta rai da mutuwa. Idan aka sace mutum, dangi su sayar da gona da hatsi su haɗa kuɗin fansa, sai tambaya mai nauyi ta taso: wa zai kai? Kowa ya san ana riƙe mai kai kuɗi, kuma biya ba ya tabbatar da komai. A watan Yulin 2025 an kashe sama da mutum 30 na ƙauyen Banga da ke ƙaramar hukumar Ƙaura bayan an biya kuɗinsu. Duk da haka ana samun mai cewa "ni zan je". Na san wani tela a unguwarmu da ya hau babur ya shiga daji domin abokinsa na makarantar allo, alhali 'yan uwan da suke ciki ɗaya sun sunkuyar da kai. Bai yi wani dogon jawabi ba, ya dai bar wa maƙwabcinsa amanar 'ya'yansa ya tafi. Allah ya sa duk suka dawo. Ku gaya mani, wane jarumin fim ne ya kai wannan telan?

Na san amsar da za a ba ni: kasuwa. Wai masu kallo soyayya suke so, ba tashin hankali ba. Haba jama'a! Wa ya ce a daina soyayya? Cewa na yi a daina mayar da amini jakar hannu. Kuma wa ya gwada aka ƙi saya? Furodusan da bai taɓa kai wani kaya kasuwa ba, ba shi da bakin cewa ba a sonsa.

Sai dai akwai ɓangaren da ya fi ɗaci, kuma shi ya fi buƙatar alƙalami. Kalmar "infoma" ta shiga bakin yaro da babba a Zamfara. Ɗan bindiga bai san wanda ya sayar da wake jiya ba. Na kusa ne ke faɗa masa, wanda kuke cin tuwo kwano ɗaya. Zargin ya hau har sama: a 2022 gwamnatin jiha ta tuɓe Sarkin Zurmi na lokacin bisa zargin alaƙa da 'yan bindiga. Idan ka gane amininka ne ke kai rahoto daji, me amana ta ce ka yi? Ka rufa masa asiri gari ya ƙone? Ka tona, alhali ka san ana iya kashe shi ba tare da shari'a ba? Ga kuma wanda ƙazafi kawai aka yi masa, kowa ya gudu ya bar shi. A nawa ganin, rufa wa mai cutar jama'a asiri ba aminci ba ne, haɗin baki ne. Tsayawa da wanda aka yi wa ƙazafi kuwa, ko da kai kaɗai ka rage, shi ne amincin. Tsakanin waɗannan biyu akwai littattafai ɗari da ba a rubuta ba.

Saboda haka ina ƙalubalantar marubutan Kano da Kaduna da Gusau, da daraktocinmu baki ɗaya. Ku shigo mota ku zo Ƙaura, ku zauna majalisar mai shayi ku saurara. Yaranmu suna koyon ma'anar aboki daga abin da kuke nuna musu. In kun ci gaba da koya musu cewa amini ɗan aike ne ko maci amana, kada ku yi mamaki ranar da aka nemi mai kai kuɗin fansa aka rasa.