Gatari da Ƙashin Baya



Tun muna yara, muna shimfiɗa wa Malam buzu a masallacinmu na Tumbutu, muka lura cewa masu salla a zaune iri biyu ne. Akwai dattawan da shekaru suka zaunar, akwai kuma magidantan da ba su cika arba'in ba amma ruku'u ya gagare su. Da muka girma muka gane cewa yawancin na biyun masu saran itace ne da masu ƙona gawayi. Addini ya yi musu rangwame, sallarsu ta yi. To amma wa zai ɗauke musu noma da cefane?

Da an kammala girbi, kafin albasa ta isa kasuwa, gatari ne ke riƙe da gidaje da yawa, domin murhun Malanville ba ya hutawa. Itacen kusa ya ƙare. Gandun Goungoun na hukuma ne, dajin W kuwa, ban da dokar da ta tsare shi, tun hare-haren 2022 mai hankali ba ya kusantarsa. Saboda haka tafiya ta ƙara nisa, wanda ya yi nisa kuma ba ya son komawa sau biyu. Sai ya haɗa kayan sawu biyu ya ɗauka a sawu ɗaya.

Ƙirya, wadda maƙera suka fi son gawayinta, tana rama kowane sara: girgizar tana bin ƙota ta shiga wuyan hannu da gwiwar hannu da kafaɗa, balle in gatarin ya dakushe. Amma babbar ɓarnar a wajen ɗagawa take. Tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya akwai guringuntsi mai taushi, kamar gammo. Idan mutum ya sunkuya ƙafafunsa a miƙe, ya cicciɓi gungume, ya murɗa ƙugu don ya jefa shi a amalanke, gammon nan yana iya bullowa ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa. A shekarar 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada kayan namiji baligi ya wuce kilo 55, masana a Amurka ma daga baya suka tsaya a kilo 23. Ɗanyen gungume ko azarar giginya kan wuce wannan nesa. 'Yan matanmu kuma, da ƙashinsu bai gama ƙwari ba, muna ɗora musu damin da mu kanmu sai an taya mu saukewa.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne tramol. Ciwo ɗan aike ne, yana cewa a dakata. Ƙwayar tana rufe masa baki, saurayi ya yi aikin mutum biyu yana alfahari, ɓarnar kuwa tana ci gaba a ciki, ga jarabar ƙwayar a kai. Ƙwayoyin ciwon jiki irin diclofenac da ake sha kullum da ciki wayam su ma suna cin tumbi da ƙoda.

Ba mu ce a ajiye gatari ba, mun san abin da ke cikin rumbu. A wasa shi kafin a fita. A datsa gungume biyu, a durƙusa da gwiwa, a jawo kaya kusa da jiki, a juya da ƙafa maimakon ƙugu, kuma kada kunya ta hana kiran ɗan'uwa ya kama. Tausa da ƙaho suna da wurinsu a gajiyar tsoka. Amma wanda ƙafarsa ta fara sagewa, ko fitsari ya riƙe masa ko ya ƙwace, ko ƙabarsa ta fito ta ƙi komawa yana amai, kada a bar shi ya kwana a gida. A kai shi babban asibitin Malanville a ranar, ko da bashi za a ci na kuɗin babur.